Lambobin da Earline Ta Goge

Duk wanda ya taɓa zama a yammacin garin Dayton na Amurka ya san Earline Tubbs, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai tabarau rataye a wuya da ta yi shekara talatin da ɗaya a bayan kantar gidan waya, tana auna wasiƙu tana hararar duk wanda ya manna kan sarki a karkace. Ranar Lahadi kuma ita ke kaɗa wa yara fiyano a cocinmu, ba a babban zaure ba, can ɗakin ƙasa inda ake jibge kujerun ƙarfe. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa. In ta wanke kofi sai ta ɗaga shi ga haske ta duba. Mijinta Cleon yakan ce da za ta samu dama, da shi ma ta jiƙa shi a ruwan zafi ta shanya a igiya. Ba ta da rowa, ba ta gulma, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Abu ɗaya ne kawai: kada ka kuskura ka ambaci sunan Geneva Marsh a gabanta. In ka ambata, to ka ɓata wa kanka yini.

Rana ɗaya iyayen Earline da na Geneva suka kai su koyon fiyano gidan Malama Ozella Whitlow, a 1934, suna da shekara takwas-takwas. Malama Ozella doguwa ce, ba ta taɓa aure ba, tana zaune ita kaɗai a gida mai bene a layin Hawthorn, da baƙin fiyano da ya cinye rabin falo. Ta yi karatun kiɗa mai zurfi, tana tsara waƙoƙin coci da ƙananan kaɗe-kaɗe na 'yan koyo, wasu har an buga su. Yaran unguwar nan da suka zauna a kan bencinta sun haura ɗari shida, kuma a cikinsu babu wanda zai rantse ya taɓa jin yabo daga bakinta. In ka yi kuskure ta ƙwanƙwasa katako da fensir. In ka yi daidai ta ce, "To," ta juya shafi.

Da fensirin nan take magana. Ga mai kaɗa fiyano kowane yatsa da lambarsa: babban yatsa ɗaya, ƙaramin na ƙarshe biyar. Malama takan bi takardar kiɗa ta rubuta lamba a saman alamar sauti, don yaro ya san da wane yatsa zai danna. Fensirinta mai laushi ne, kuma ba ta danna shi, wai takarda ba abokiyar faɗa ba ce.

Ranar Alhamis ce ranarsu su biyu. Geneva ƙarfe uku, Earline ƙarfe huɗu. Earline ba ta taɓa makara ba a rayuwarta, saboda haka kullum tana zaune a baranda tun uku da rabi, jaka a cinya, tana jin yatsun Geneva na gudu a cikin falo kamar ruwan famfo. Yarinyar tana da hannu, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Dogayen yatsu, ga kunne, ga rawar kai.

Earline na shekara tara injin matse wanki na mahaifiyarta ya kama mata ƙaramin yatsan hannun dama. Uwar tana wa gidajen fararen fata wanki ne, yarinyar ta zo taimako, ta tura zanin gado, ƙarfen ya haɗa da yatsa. Ya warke, amma ya sandare a lanƙwashe, bai ƙara motsi ba. Kowa ya ɗauka kiɗa ya ƙare ke nan. Malama ta kama hannun ta juya shi, ta dube shi da kyau, ta ce, "Saura tara. Zauna."

Daga ranar ta daina rubuta mata lambobi. In Earline ta tambaya, sai ta ce, "Hannunki ne, yarinya, ke kika san shi. Nemi hanyarki." Littattafan Geneva kuwa, in ka buɗe, lambobi ne rututu a kowane layi. Earline takan leƙa ta gani. Ta sa a ranta cewa Malama ba ta son ɓata fensirinta a kan musakin hannu, kuma wannan tunanin ya zauna mata shekara hamsin.

Abin da ya ƙarasa ƙona ta ya faru a 1943. Geneva ta samu shiga babbar makarantar kiɗa a gabas, coci ta shirya mata taron sallama. Ta fito cikin shuɗiyar riga ta kaɗa abubuwa uku, na ƙarshe sabon kiɗa ne da Malama ta tsara, ba wanda ya taɓa jin sa, sunansa "Ruwan Alhamis". Kiɗa ne mai sanyi, yana sauka a hankali, tsofaffin mata suna ta share hawaye da hankici. Geneva ta haddace shi, ko takarda ba ta ɗora ba. Earline na layi na uku, ita ma tana kuka, amma nata kukan daban ne. Baƙin ciki ne tsagwaronsa. Wato har Alhamis ɗin ma, da suke raba ta su biyu, an ɗauke an ba Geneva.

Alhamis ta gaba ta shiga falo, sai ta ga Malama ta ɗauko wasu takardu a cikin bango mai ruwan ƙasa ta ɗora a kan fiyano.

"Wannan za ki fara yau."

Earline ta hango sunan kiɗan a jikin bangon. Ta ce, "Malama, ni ba na cin saura."

Shekararta goma sha bakwai, ba ta taɓa mayar wa Malama magana ba. Malama ta dube ta sama da ƙasa. Sannan ta ɗauke takardun ta kai su ɗaki, ta dawo ta buɗe littafin makon jiya. Ba ta ƙara tada zancen ba har ta mutu. Su biyun kan dutse ne da su, kowa ya sani.

Geneva ta tafi ta yi suna. Ba irin sunan da ke tsayar da mota a titi ba, amma ta kaɗa a manyan zauruka, ta ƙetare teku, daga baya wata jami'a ta ɗauke ta koyarwa. Duk inda ta je da "Ruwan Alhamis" take rufe taro, har masu buga takardun kiɗa suka nema suka buga shi, da lambobin da wani ma'aikacinsu ya sa. 'Yan jarida suna rubuta cewa malamarta ta tsara mata shi kyautar sallama, ita kuma ba ta taɓa cewa a'a ba. Duk Kirsimeti takan aiko kati. Hotonta, da shuɗiyar rigar nan, yana tsaye a kan fiyanon Malama.

Earline kuwa ta zauna. Ta yi aure, ta haifi biyu, ta shiga gidan waya, amma Alhamis ƙarfe huɗu tana kan bencin nan, har ta yi jika. Ita ke kwafe wa Malama waƙoƙin coci da tawada. Ita ke juya mata shafi in za ta kaɗa a taro. Da ƙafa ta gaza, ita ke kai ta asibiti, ita ke kawo mata miyar kaza da burodin masara, ita ke yanke mata farce. Kuma ita ke goge ƙurar hoton Geneva duk mako, tana gogewa tana cije leɓe. Sau ɗaya ta kife shi da gangan. Malama, da idonta ya riga ya dushe, ta ce daga kujera, "Yarinya, tayar da Geneva, ta faɗi."

In ta dawo gida tana huci, Cleon yakan ajiye jarida ya ce, "Yau ma kin gaisa da mutuniyar taki?"

"Cleon, ka fita idona."

"Haba mata, hoto ne fa. Hoto ba ya cin abinci."

"Ai gara ya ci, da na san inda wahalata ke tafiya. Kati! Kati ɗaya a shekara, da wani sa hannu kamar tafiyar kaza. Ni kuwa da na wanke mata ƙafa jiya, ka ga hotona a wurin?"

"Ke da kike gabanta kullum, me za ta yi da hotonki?"

Ta ce masa in ba shi da abin faɗa ya je ya kwashe shara.

Malama Ozella ta rasu a farkon bazarar 1987, tana da shekara casa'in da ɗaya. Ta bar wa Earline fiyano, takardunta kuma ta yi wasiyya a kai su ɗakin adana tarihi na jami'ar da ke kusa da mu. Geneva ba ta zo jana'iza ba, ta aiko furanni masu girman ƙofa, aka sa su gaba, na Earline suna gefe. Wannan ma an rubuta shi a zuci.

Matar da ke kula da ɗakin adanar, Misis Holt, ta zo gidan da kwalaye ashirin. Farar mace ce siririya mai magana ƙasa-ƙasa. Ta leƙa ɗakunan, ta ga takardu har rufi, ta ce wa Earline, "Misis Tubbs, ke kika san gidan nan, ke za ki haɗa mana. Roƙona ɗaya: kada ki gyara komai, kada ki jefar da komai. Ko takardar cefane ce, sa ta yadda kika same ta. Ɗan rubutun gefe da kike ganin datti ne, mu shi ne dukiyarmu. Da kaka za mu buɗe wa jama'a, kuma kowace takarda za mu rubuta abin da aka sani a kanta: yaushe aka yi ta, wa aka yi wa."

"Wa aka yi wa," in ji Earline.

"Eh. In takarda ta nuna, mu rubuta. Abin da muka rubuta kuwa shi masu bincike za su riƙa karantawa bayan ba mu."

Wannan maganar ce ta hana Earline sakat. Ta san ita ba kowa ba ce, ba ta taɓa tsammanin a sa sunanta a littafi ba. Amma a ce nan da shekara ɗari wani ya buɗe kwalin Malama ya tarar da Geneva zaune a ciki daram, 'yar lele, magajiya, ita kuma da ta ba da Alhamis dubu biyu da ɗari bakwai ko ƙamshinta babu? Ina! Abin ya tsaya mata a wuya.

Mako uku tana haɗa kaya. Wata Talata da hantsi, a ƙasan akwatin barguna a ɗakin kwanan Malama, ta ci karo da bangon nan mai ruwan ƙasa. Tun kafin ta taɓa shi ta gane shi. Ta zauna a bakin gado ta buɗe. Shafi bakwai, rubutun hannun Malama da baƙar tawada, tsaf-tsaf. A kusurwar shafin farko, da fensir, da rubutun 'yan mata mai ƙawa: Geneva Marsh. Sannan lambobi. Kai, lambobi! Ba layin da aka tsallake, ba alamar da aka bari, kowace ɗaya da 'yar lambarta a kai, da fensirin nan mai laushi. Shekara hamsin da uku tana ganin aikin Malama, ba ta taɓa ganin ta zauna ta yi wa wani irin wannan hidimar ba.

Tabarau na rataye a ƙirjinta, ba ta ko sa shi ba. Me za ta karanta? Ta ga abin da za ta gani. Zuciyarta ta kawo wuya. Ta sauka ƙasa, ta buɗe aljihun teburin Malama ta ɗauko magogin fensir, ta shimfiɗa takardun a teburin cin abinci. Da sunan ta fara. Da ya fita sai ta ga ai lambobin ma sunan ne, kowace ɗaya tana cewa Geneva, Geneva. Ta bi su layi-layi. Kuma ka san Earline da aiki: ba ta yaga ba, ba ta murje tawada ba, ta goge ta hure, ta goge ta hure, ta ɗaga shafi ga hasken taga ta duba, in ta ga inuwar wani abu ta koma masa. Kafin azahar shafi bakwai sun fita fes. Ta sa su a kwali na sha huɗu ta rufe. Ranar har waƙa ta yi a mota, Cleon ya tambaye ta ko ta tsinci wani abu ne.

Da kaka ta yi, ganye ya zube, aka sa ranar buɗewa. Wata Asabar ce da rana. Mu 'yan coci mun cika motar fasto da wasu biyu. Ɗakin yana hawa na uku, an sa wasu takardun Malama a akwatunan gilashi, ga fensirinta guda uku a jere, ga kofi da biskit a gefe. A ƙofa ake karɓe jaka da biro, a sa ka wanke hannu. Earline ta sa hularta ta bikin Ista, ta tsaya kusa da bango tana duba ko an jera kwalayen daidai.

Sai ga Geneva. Earline ta yi shekara ashirin ba ta gan ta ido da ido ba, ta shirya ganin sarauniya. Abin da ya shigo tsohuwa ce mai sanda, gashi fari fat, da tsadadden mayafi a kafaɗa. Hannuwan nan da ake magana sun kumbura a gaɓoɓi, yatsun sun karkace, da ƙyar take riƙe sandar. Earline ta ga haka, kuma Allah Ya gafarta mata, abin da ta fara ji daɗi ne.

"Earline! Ke ce kuwa? Ba ki ƙara ko inci ɗaya ba."

"Ke ma ba ki rage surutu ba. Sannu da hanya. Furanninki sun iso, har sun tare wa fasto hanya."

"Ina asibiti lokacin, 'yar uwa, an yi mini aiki a ƙugu."

"Ayya. Ai da kin aiko kati."

Geneva ta yi dariya, ta ce bakin nan dai yana nan.

Aka yi jawabai. Misis Holt ta yi nata, fasto ya yi nasa ya zarce kamar kullum, sannan aka kira Geneva, aka ce ɗalibar da marigayiya ta tsara wa "Ruwan Alhamis". Earline ta kafe ido a ƙasa. Geneva ta ƙi hawa mumbari, ta tsaya a inda take, ta jingina da sanda.

"Kafin in ce komai, a gyara wannan," in ji ta. "Ba ni aka yi wa kiɗan nan ba. Na bar mutane suna faɗa shekara arba'in da huɗu saboda yana mini daɗi. Yanzu Malama ta tafi, hannuna ya tafi, ƙaryar ba ta da sauran amfani a wurina."

Ta gyara riƙon sandarta ta ci gaba.

"A kan fiyanonta na gan shi, saura wata guda in tafi. Na ce ta ba ni. Ta ce ba nawa ba ne, ba a hannuna aka ɗinka shi ba. Na duba, sai na gane abin da take nufi. Shafi bakwai, a hannun dama babu lamba biyar ko ɗaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shi ke nan. Ta zauna ta tsara kiɗa guda yadda ƙaramin yatsa ba zai taɓa sauka ba. A duk ɗalibanta mutum nawa ne ke da irin wannan hannun?"

Kawuna suka fara juyawa. Earline ta ji hannunta na dama ya yi nauyi, ta ɓoye shi a bayan jaket.

"Na yi kuka, na yi birgima, na ce tafiya zan yi, ta bar ni in kaɗa sau ɗaya tak. Ta gaji ta ba ni aro na mako uku. Ina kai shi gida na rubuta sunana a kusurwa, don haushi. Ni ta cika mini littattafai da lambobi ne saboda ba ta yarda da kaina ba, ta faɗa mini a fuskata. Earline kuwa, cewa take yi yarinyar nan ta fi ta sanin hannunta. Amma kiɗa, kiɗa sukutum, ni ba ta taɓa tsara mini ko layi ɗaya ba." Ta juyo ta dubi bango inda Earline take. "Kin san yadda na tsane ki kuwa? Ina otal a wata ƙasa ina cin abinci ni kaɗai, in na tuna yau Alhamis, kina can kan bencin nan, sai abincin ya fita raina. Ni aka ba hoto a kan fiyano. Ke kika samu matar."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ikon Allah!" Cleon ya cire hularsa yana kallon matarsa, bakinsa a buɗe.

"Ba sai kun yarda da ni ba," in ji Geneva. "Misis Holt, ainihin takardar tana wurinku ai. A ɗauko, kowa ya ƙirga da idonsa."

Kafin Earline ta ce a bari, Misis Holt ta shiga ciki ta dawo da bangon mai ruwan ƙasa a tafin hannu biyu, ta shimfiɗa a tebur, ta buɗe a hankali. Geneva ta sa tabarau ta sunkuya. Ta juya shafi na biyu. Na uku. Ta koma na farko ta duba kusurwa.

"Ba wannan ba ce."

"Ita kaɗai ce mai rubutun hannun Malama," in ji Misis Holt. "Haka ta zo mana." Ta kunna wata 'yar fitila ta kwantar da haskenta a gefen takardar, ta daɗe tana dubawa. "An yi rubutun fensir a nan, an goge. Fuskar takardar ta nuna. Amma marigayiya ba ta danna fensir, wanda ya goge kuma ya iya aiki. Ba na iya karanta ko lamba ɗaya." Ta sa ɗan buroshi a tsakiyar bangon ta sharo wani abu a tafin hannunta: ɓarɓashin magogi, sabo, bai ko bushe ba.

Ba wanda ya tambaya. Ba sai an tambaya ba, kowa ya san wanda ya haɗa kwalayen.

"Ni ce," in ji Earline. Muryarta ta fito kamar ta gidan waya, a bushe. "Na ga sunanta. Na ga lambobi. Na ɗauka nata ne."

"Ba ki karanta ba?" in ji Geneva.

"Ban sa tabarau ba."

Geneva ta dube ta, ta dubi farar takardar, sai ta zauna daɓas a kujera ta rufe fuska da kumburarrun hannuwanta. Kafaɗunta na rawa. Har yau ana gardama a cocinmu ko kuka take ko dariya. Da ta ɗago cewa ta yi, "Ke Earline, ke Earline! Abu ɗaya da na kasa ƙwace miki, kin zauna kin goge shi da hannunki."

Misis Holt mace ce mai kirki, amma aikinta aikinta ne. Ta ce ba za ta rubuta abin da takarda ba ta nuna ba. Abin da ta rubuta a jerin kayan shi ne: rubutun hannu, shafi bakwai, an goge alamun fensir, ba a nuna wanda aka yi wa ba. Sai dai ta ce in Misis Marsh za ta rubuta abin da ta faɗa ta sa hannu, za a adana a matsayin shaidarta. Geneva ta zauna nan take, aka ba ta fensir, ta yi kusan awa guda tana jan shafi ɗaya da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Ƙa'idar wurin kuwa ita ce, takarda tana shiga fayil ɗin wanda ya rubuta ta. Saboda haka in ka je yau kana neman Earline Tubbs a cikin kayan Malama Ozella, za ka same ta a kwali na sha huɗu, a cikin fayil mai suna Geneva Marsh.

A mota Cleon bai ce uffan ba, kuma wannan shi ne babban alherin da ya taɓa yi mata. Washegari ba ta je coci ba, yara suka yi waƙa ba kiɗa.

Ranar Alhamis da yamma ta aike shi kantin kayan kiɗa ya sayo mata bugaggen "Ruwan Alhamis". Ƙarfe huɗu ta zauna a fiyanon Malama, wanda yanzu ya cinye rabin nata falon, ta sa tabarau. Lambobin masu bugawa suna nan, da biyar-biyar ɗinsu ko'ina, ta yi kamar ba ta gan su ba, ta bar hannunta ya nemi hanyarsa. Bai ma nema ba. Ya shiga kamar ƙafa a tsohon takalmi. Duk inda ta saba jin tsoro, inda kiɗa kan miƙe ya nemi yatsan da ba ta da shi, sai ta ga ya juyo da kansa ya dawo ƙarƙashin na huɗu. Shafi bayan shafi, lanƙwasasshen yatsan yana sama abinsa, ba wanda ya neme shi. Tana da shekara sittin da ɗaya, ranar ta fara kaɗa abu daga farko har ƙarshe ba tare da ta yi dabara ba.

Ta gama ta zauna, hannu a cinya, hawaye na ɗiga a kan siket. Cleon na tsaye a ƙofar kicin da tawul a kafaɗa. Ya ce, "To, mata. Ashe dai tana son ki."

Earline ta cire tabarau ta goge shi da gefen riga, ta ɗaga shi ga haske.

"Shekara arba'in da huɗu," in ji ta. "Har wannan ma Geneva ce ta riga ni sani."